Shekarar da Aka Cire Sunan Allah Daga Waƙoƙin Baba

Ku 'ya'yana kun taso kuna jin ana cewa uwarku ce ta sa kwamfuta ta yi wa fasto ba'a a gaban jama'a, kuma girman kan boko ne ya raba ta da cocin da ubanta ya gina. Na san kun ji, domin Hannatu ta taɓa dawowa daga wani biki a ƙauye ta tambaye ni, na ce mata ta je ta wanke kwanuka. Yanzu idona ya fara gajiya da allon kwamfuta, waɗanda suka ga abin da idonsu kuma suna ta ƙarewa, saura masu ba da labarin da aka ba su. Gara ku ji daga bakina, a wannan babi na littafin da nake rubuta muku.

Kakanku, Baba Tanko, Bamaguje ne ɗan Bamaguje, daga ƙauyenmu da ke bayan Gude. Yana saurayi ya karɓi bishara, kuma da ƙafarsa aka kwaɓa ƙasar da aka gina cocinmu na farko. Bai yi boko ba. Littafi Mai Tsarki ma da yatsa yake binsa, kalma bayan kalma, har ya gaji ya rufe. Amma Allah ya ba shi waƙa. A bakin garma take zo masa, ya yini yana juya ta a gona, da yamma ya rera wa Inna Ladi, kakarku, ita kuma ta kai wa matan zumunta, su ɗora ta a kan tulu da kacau-kacau. Kafin wata ya zagayo sai ka ji ana rera ta a majami'un Garo da Kabo, ba wanda ya damu ya tambayi mai ita.

Ni ce aka tura makaranta, na ƙare da rubuta manhaja a Kano shekara da shekaru. Bayan rasuwar babanku na dawo Gwarzo da zama, ina aikina daga ɗaki in sola ta cika, ranar Lahadi kuma in hau acaɓa in tafi sujada ƙauye. A nan na lura tsofaffin matan da suka riƙe waƙoƙin Baba a ka suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, idon Baba kuma ya fara rufewa. Sai na ɗauki aikin da nake gani shi ne mafi kyawun abin da hannuna ya taɓa yi. Nakan zaunar da shi a gindin ɗorawa in ɗauki muryarsa, in koma gida in buga kowace waƙa a fayil ɗinta. Sai da na shirya wa kwamfutar maɓallan haruffanmu masu ƙugiya, domin in babu su, “Mai sama da ƙasa” sai ya koma mai sama da kasa, ni kuwa ba zan saka wa ubana maciji a waƙa ba. Na zuba fayilolin duka a cikin abin da mu masu wannan sana'a muke kira git, wato ma'ajiyar da ke riƙe kowane gyara da aka yi, ta yadda ko an ɓata rubutu za a iya komawa yadda yake tun farko. Daga ƙarshe na rubuta 'yar ƙaramar manhaja da ke haska baitoci a bangon coci ta majigi, na kwafa komai a kan kwamfutar cocin.

Ƙanena Ishaku, kawunku, shi ne shugaban mawaƙa, yana kuma koyarwa a wata firamare a Kabo. Shi na koya wa sarrafa kwamfutar. Cikin abubuwan da na nuna masa har da yadda ake sa ta ta nemo kalma ta sauya ta da wata. Na nuna masa maɓallin da ke sauyawa ɗaya-ɗaya kana gani, da wanda ke sauya duka a bugu guda, na ce masa wannan na biyun ko mu da muka tsufa a aikin tsoronsa muke ji, domin kwamfuta haruffa take gani, ba ta san ma'ana ba. Ya ce ya ji. Ishaku tun yana yaro haka yake, ya ce ya ji.

A shekarar ne aka turo mana Fasto Markus. Ba zan zalunce shi ba. Mutum ne mai ƙwazo, yana ziyartar marasa lafiya, kuma ya fito daga garin da aka taɓa ƙona masa coci yana kallo. Wannan ciwon ya taho mana da shi. Tun wa'azinsa na farko muka lura in ya zo kan sunan Allah a Littafi Mai Tsarki sai ya tsallake ya ce Ubangiji, alhali ga sunan nan a buge baƙi da fari a gabansa. Ba a daɗe ba ya zo gida gaishe da Baba, ina nan. Aka gaisa, aka tambayi gona da iyali da gajiya, sannan ya gyara zama.

“Baba, maganar waƙoƙin nan ce ta kawo ni. Suna da kyau, amma sunan nan da ke cikinsu ba namu ba ne. Nasu ne.”

“Na su wa?” in ji Baba.

“Kai ma ka sani, Baba.”

Baba ya murza ƙasa da sandarsa, sannan ya ce, “Fasto, ubana bai taɓa shiga masallaci ba, bai taɓa shiga coci ba. Akuya yake yankawa a gindin tsamiya. Amma in hadari ya haɗu ya watse bai zubar ba, sama yake kallo ya ce Allah yana ganinmu. A bakinsa na ji sunan nan. Da na karɓi Yesu ban canja Allah ba, hanyar zuwa wurinsa na samu.”

“Zamani ya canja, Baba. Yaranmu suna rikicewa.”

Daidai nan Inna ta fito da kwanon kunu ta durƙusa ta ajiye masa.

“Fasto, sha kunun nan don Allah,” ta ce, sai ta dafe baki. “Au, don wa ma zan ce yanzu?”

Bai yi dariya ba, bai kuma sha kunun ba. Da na raka shi bakin zaure ya ce ya ji labarin kwamfuta tana iya sauya kalma a ko'ina lokaci guda. Na ce gaskiya ne, ƙiftawar ido ce. Ya ce to in yi. Na ce waƙoƙin ba nawa ba ne, mai su yana ciki, kuma ya ji amsarsa. Na ɗauka magana ta mutu a nan.

Ranar godiyar kaka coci ya cika har waje. Baƙi sun zo daga Garo da Kabo, an jera damman dawa da buhunan gyaɗa a gaban bagadi. Ishaku ya kunna majigi, matan zumunta suka ɗauki tulu. Waƙar farko ta Baba ce wadda kowa ya sani, mai farawa da “Ubangiji Allah, kai ka ba mu damina.” Na ɗaga kai na ga bango ya rubuta, “Ubangiji Ubangiji, kai ka ba mu damina.” Matasa masu karatu suka bi bango, tsofaffi suka bi abin da ke kansu, kalma mai gaɓa huɗu ta ƙi shiga gurbin mai gaɓa biyu, masu tulu suka rasa wanda za su bi. A haka aka ja ta da ƙyar har amshi. Amshin kuwa “Madallah da Yesu” ne, kuma duk wanda ya iya karatu ya san haruffan da ke ƙarshen madallah. Kwamfuta ta gan su, ta yi abin da aka sa ta. Da manyan haruffa bango ya ce, “MadUbangiji da Yesu.” Wani yaro a layin samari ya karanta da ƙarfi, dariya ta ɓarke daga nan ta bi benci-benci har wajen baƙi. Baba ba ya ganin bango, Inna ba ta karatu. Na ga ya juya yana lalube, na matsa kusa da shi.

“Rifkatu, me suke wa dariya?”

“Rubutu ne ya lalace, Baba.”

“Waƙata ce?”

Na ce ita ce. Ya jingina goshinsa a kan sandarsa har aka tashi. Na sha baƙin ciki iri-iri a duniya, na binne miji, amma ban taɓa jin zafi irin na ganin tsohon nan zaune cikin dariyar jikokin mutanen da ya yi wa bishara ba.

Tun kallon farko na san abin da ya faru, domin kuskure ne da kowane sabon hannu yake yi. An je bayan idona an sa Ishaku, shi kuma ya danna maɓallin nan da na hana shi, bai ko buɗe waƙa ɗaya ya duba ba. Da dattawan coci suka kira ni cikin makon, na faɗi haka a fili, Ishaku yana zaune. Fasto ya ce an mai da shi abin dariya a gaban baƙi, kuma an gaya masa masu ilimin kwamfuta suna iya ɗana tarko a cikinta. Aka juya wajen Ishaku.

“Ni dai abin da aka sa ni na danna,” ya ce, kansa a ƙasa. “Yadda injin ya yi kuma, mai injin ita ta sani.”

Wannan ce maganar da ta bi ni har tsufana. Ya san babu tarko. Ya san abin da na gaya masa ranar da na koya masa. Dattawan nan kuwa manoma ne masu tsoron Allah, ba wanda ya taɓa taɓa kwamfuta a cikinsu, da ka ce musu aljani ne a ciki ma za su yarda. Na roƙa a kawo kwamfutar in nuna musu yadda abin yake faruwa, suka ce ba wasan yara suka zo kallo ba. Hukuncinsu shi ne in gyara waƙoƙin da hannuna, in cire sunan tsaf yadda ba za a sake dariya ba, sai a yafe mini. In na ƙi, za a sa ni horo, a kuma ajiye waƙoƙin Baba gaba ɗaya.

Na sami Baba da hantsi yana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, na gaya masa komai.

“Kin iya abin da suke so?”

“Na iya, Baba. Zan bi su baiti-baiti, ba wanda zai ga ɗinki.”

“In kin yi, za a ci gaba da rerawa?”

“Za a ci gaba.”

“In ba ki yi ba fa?”

“Za su ajiye su.”

Ya daɗe yana juya ƙwayar gyaɗa a tafinsa. Inna tana bakin murhu tana cewa in ƙi, in ƙi, su je su yi waƙarsu da Turanci. Baba ya ɗaga mata hannu.

“Ni na tsufa, Rifkatu, ina son in ji ana rera su. Ban yi su don a rufe a akwati ba. Amma in kika cire sunan, kada ki ce wa kowa nawa ne, domin ban san wanda nake kira a ciki ba.”

Bai ce in yi ba, bai ce kada in yi ba. Ya bar mini kayan a kai, ni kuma na zaɓa. Na koma na ce wa dattawa hannuna ba zai yi wannan aikin ba. Ina tsammanin kafin Kirsimeti za su sauko, domin ban ga yadda za a yi Kirsimeti a ƙauyenmu babu waƙar Baba ba. Ashe ana yi. An yi ta da waƙoƙin da Fasto ya zaɓo, mutane suka ci shinkafa suka watse.

Horo a cocinmu shi ne a mai da kai bencin baya, kusa da ƙofa, ana raba jibin Ubangiji a wuce ka. Ni mace mai furfura, uwar 'ya'ya, na zauna inda ake zaunar da waɗanda aka kama da abin kunya. Lahadi ta biyu ina zaune sai na ji ƙarar sanda. Baba ne ya baro kujerarsa ta gaba, wadda yake zama tun kafin a haife ni, yana lalube har ya iso bencina ya zauna. Wani dattijo ya zo ya raɗa masa cewa shi ba a sa shi horo ba.

“Na sani,” ya ce. “Nan ya fi iska.”

A nan ya ci gaba da zama har ƙarfinsa ya ƙare. Ba ya buɗe baki in ana waƙa. A gida ma ya daina, Inna ta ce ko a gindin ɗorawa sai dai ya zauna shiru. Ishaku yana zuwa gaishe shi kullum, ya durƙusa, a gaisa, ya tashi, bai taɓa ɗaga maganar ba. Kafin ruwan farko ya sauka Baba ya rasu. Ba zan ce rashin waƙa ne ya kashe shi ba, tsufa ne da ciwon ƙirji. Amma ya bar duniya bai sake jin baiti ɗaya nasa a cikin ginin da ya kwaɓa wa ƙasa ba, kuma da na ce to, da ya ji. Ban yi nadamar ƙin da na yi ba, sai dai kada wani ya ce muku a banza na same shi.

Ranar jana'iza an yi wa'azi mai tsawo, an yabi hidimarsa, ba a rera waƙarsa ko ɗaya ba. Muna zaman makoki sai ga Malam Buba, maƙwabcin gonarmu, Musulmi, wanda shanunsa suke kwana a gonar Baba bayan girbi tun muna yara. Ya cire takalmi, ya tsuguna nesa kaɗan da Inna, Fasto yana zaune a gefe.

“Ladi, ya haƙuri? Allah ya ba ku dangana, Allah ya raya abin da ya bari. In Tanko yana noma, daga gonata nake jin muryarsa. Bana gonar nan za ta yi shiru.”

Inna ta ce amin da ƙarfin da sai da kowa ya waiwaya. Duk yinin nan, a gidan mutumin da ya yi shekaru yana kiran Allah da waƙa, a bakin Malam Buba kaɗai na ji sunan. Daga ranar ban sake taka cocin ƙauye ba, na koma sujada a nan Gwarzo, inda kuka girma kuna ganina.

Fasto Markus ya yi shekarunsa, aka ɗauke shi. Wanda ya gaje shi ya hau bagadi ranar farko ya ce, “Bari mu yi addu'a ga Allah,” jama'a suka sunkuyar da kai kamar ba a taɓa yin komai ba. Ba wanda ya tashi ya ce an yi kuskure. Ba wanda ya ce a ɗauke horon da aka sa wa Rifkatu. Sai kuma aka tuna da waƙoƙin Baba, aka ce a dawo da su. Ishaku, wanda yanzu dattijon coci ne, ya buɗe tsohuwar kwamfutar ya yi dabara irin tasa. Ya sa ta nemo Ubangiji a ko'ina ta mai da shi Allah, ya sake danna maɓallin nan dai. Abin da bai sani ba shi ne wannan hanya ba ta komawa baya. Baba yana da wuraren da ya ce Allah, yana da wuraren da ya ce Ubangiji da bakinsa, kuma tun bugun farko an haɗe su sun zama ɗaya. Yanzu waƙar godiya ta koma “Allah Allah, kai ka ba mu damina,” kamar mai ɗokin a tashi daga sujada. Tsofaffin matan da za su raba gardama sun ƙare, Inna ma ta bi mijinta, 'yan kaɗan da suka rage kowace da yadda take tunawa. Waƙoƙin yadda Baba ya yi su, da muryarsa, wuri ɗaya suka rage a duniya, a cikin ma'ajiyar nan tawa.

Bara Ishaku ya zo nan Gwarzo, da buhun masara a bayan babur. Muka gaisa kamar mutanen kirki. Ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

“Yaya, waƙoƙin Baba ne. Jama'a suna so.”

“Suna nan, ko harafi bai ɓata ba. Ka tashi ranar Lahadi a gaban jama'a ka faɗi wanda ya danna, ka ce babu tarko. Ranar Litinin in kawo su da kaina.”

“Haba Yaya, abin da ya wuce ai ya wuce. Yawancin waɗanda suka san maganar ma sun mutu.”

“Ni ban mutu ba. 'Ya'yana kuma suna jin ta a wajen biki.”

Ya cire hularsa ya ajiye a gefe. Can sai ya fara rera wata waƙa a hankali, wadda Baba yake rera mana in zazzaɓi ya kama ɗayanmu, yana shafa mana kai. Muryar Ishaku irin ta Baba ce sak, sai da na kau da fuska. Ya kai tsakiyar baiti na biyu ya tsaya. Ya koma ya gwada da kalma ɗaya, ya sake gwadawa da ɗayar. Ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa.

“Yaya, a nan wanne Baba ya ce?”

Na sani. Ina jin muryar Baba a wurin nan kamar yana zaune a gindin ɗorawa. Na ce masa Lahadi tana nan zuwa. Ya ɗauki hularsa ya tafi, Lahadi ta zo ta wuce, wasu ma sun bi bayanta, bai tashi ba.

Kun ce ina da taurin zuciya, kuma wataƙila haka ne. Waƙoƙin naku ne bayan raina, na nuna wa Hannatu inda suke da yadda ake buɗe su, ku yi abin da kuka ga ya dace. Amma ina da rai tukuna, kuma na san littafin nan zai kai hannun kawunku kafin ya kai na wasunku. Zai buɗe wannan babi yana neman baitin. Shi ya sa ban rubuta shi a nan ba.